Wayar Kunnen da Baffa Ya Yaba

A unguwarmu ana cewa ni marowaci ne, kuma na san inda maganar ta samo asali. In mutum ya yaba hulata ko takalmina, sai in ce na gode, in ja bakina in yi shiru. Ba na ƙarasa abin da kowane ɗan mutunci yake ƙarasawa, wato in ce masa "ai naka ne". Shekara da shekaru rabona da furta kalmomin nan, kuma ba na jin zan sake furta su har a kai ni makwanci. Masu zagina ba su san Baffa ba, ba su kuma san Inna ba. To bari in faɗi yadda aka yi, wanda zai ci gaba da zagi bayan ya ji, sai ya ci gaba.

Gidanmu a Bodinga yake, kuma gidan karatu ne. Mahaifina, wanda kowa har mu 'ya'yansa muke kira Malam, yana da makarantar allo a zaure, tun asuba muryar masu karatu ke tashi a gidan. Dokarsa guda ce da ba ta lanƙwasuwa: ba a jin kiɗa a gidan da ake karanta Alƙur'ani. Ko rediyo aka kunna, labarai na ƙarewa sai a murɗe shi kafin a saki ganga. Har yau ban ga laifinsa a kan wannan ba, domin mutum ne da bai ɗora wa kowa abin da bai ɗora wa kansa ba.

Inna kuwa, mahaifiyata, 'yar Mandera ce, kuma daga gidan makaɗan noma ta fito. Yadda aka yi malami ya auro 'yar makaɗa, wannan zance ne na wata rana. Abin da na sani shi ne tun ranar da ta shigo gidan ta naɗe kiɗa ta ajiye, ba ta ƙara zuwa inda ake buga shi ba. Sai dai in tana daka, wanda ya san ganga zai tsince ta a cikin taɓaryar. Wanta, Kawu, shi ya gaji gangar gidansu. In an yi gayya, maza sun jeru da fartanya, shi ke bin su a baya yana kiran kowa da takensa. Inna ma tana da nata taken, wanda ya yi mata tun tana yarinya. In ya hango ta daga nesa ɗauke da ƙwaryar fura za ta gona, sai ya saki mazan ya juya gangar ya kira ta. Babu waƙa a cikin taken, sanda ce kawai da hannu a kan fata. Ni ne auta, shi ya sa take ba ni irin wannan labari in tana tsintar wake. Ta ce ko bayan an kawo ta Bodinga, da takenta yake rufe kowace gayya, ana gaya mata.

A bazarar shekarar da aka yi zaɓe na biyu Kawu ya rasu. Lokacin Inna ta jima a kwance, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ko ƙofar ɗaki sai an tallafa ta. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta je gaisuwa ba. Ni na je a madadinta. A wurin zaman makokin wani ɗan kasuwar albasa, aminin Kawu, ya ja ni gefe ya ba ni kaset. Ya ce a daminar da ta wuce ya ɗauki kiɗan wata gayya da rikodarsa. Muka shiga bayan wani rumbu ya kunna mini. Ga muryar Kawu, ga ihun manoma, can kuma a ƙarshe, bayan an yi shiru, sai gangar ta canja tafiya ita kaɗai. Ban taɓa jin taken ba, amma na gane shi, domin da shi Inna take sauke taɓarya.

Da na dawo gida sai na gaya wa Inna.

"Ya buga nawa?" ta ce.

Na ce ya buga, da shi ya rufe. Na ce in ta yarda zan aro rikoda in rage sauti, in Malam ya fita masallaci.

"A'a, Auta. Ba ni cin amanar gidan ga. Ba za a ji shi nan ba." Sannan ta ce a hankali, "Amma in da abin da za shi shiga kunnena ni ɗai, ban hana ba."

Tunda nake da ita ba ta taɓa roƙona komai ba, ko goro. Wannan ɗin ma ba ta kira shi roƙo ba, amma ni na san abin da na ji.

Ina koyarwa a firamare a Shagari a lokacin. Mutane suna ɗauka duk wanda ke aiki a garin shugaban ƙasa a shekarun nan cikin daula yake iyo. Daula ina? Zamanin tsuke bakin aljihu ne, albashi ya zama kamar ruwan bazara, a ga hadari a yi ta murna, iska ta kwashe shi. Sabulu da madara sai an yi layi, batir kuwa in ya mutu a shanya shi a rana a sake gwadawa. Abin da ya taimake ni shi ne wata 'yar ƙaramar rikoda ta aljihu da wani ɗan bautar ƙasa ya bar mini da zai koma garinsu. Ba ta da lasifika, sai da wayar kunne ake jin ta, wadda yaran yanzu ke kira iyafis, tasa kuwa ta tsinke tun tuni. Ina da 'yar albasa da na noma a fadama na adana, ina jiran ta yi daraja in damina ta yi nisa. Ban jira ba, na sayar da ita a yadda ta samu, na hau mota zuwa Sakkwato.

A kasuwar birni na yi ta zagaya teburan masu kayan rediyo har na tsaya gaban wani mai teburi da ya fi sauran kaya. Iri uku ya baje mini. Akwai mai baka, wadda ake ɗorawa a kai, da soso a kowane kunne. Sautinta ba laifi, sai dai na ba wani mai tsaye kusa da ni ya sa, na ja da baya, ina jin tsi-tsi-tsi tana yoyo. Kuma yaya mace mai kwance a kan matashi, da ɗankwali a kai, za ta ɗaura wannan abu ba a gani ba? Na ajiye ta. Akwai fara mai ƙwaya guda, irin da ake haɗowa da ƙananan rediyo, ita ce mai araha. Na soka ta, na kunna. Muryar Kawu ta fito kamar sauro ya faɗa gwangwani, gangar kuwa sai ƙwas-ƙwas, sai ka ce ana ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa. Araha ba ta ado, na ajiye ita ma.

Na ukun baƙaƙe ne masu ƙwaya biyu, ƙanana, suna zama cikin kunne ɗankwali ya rufe su ruf. Su ma ba ɗaya suke ba, akwai na kirki akwai jabu, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Mai teburin ya so ya gwada mini da tasa rikodar da wani kiɗan waje mai kururuwa, wanda ko da kara aka soka zai yi ƙara. Na ce ban yarda ba, da rikodata da kaset ɗina za a gwada. Na cire kaset ɗin na soka biro ina juyawa don kada in ƙona batir, har na kai daidai wurin taken. Kowace waya na ɗauka, sai in shafa gefen ƙwayar da babban yatsa in ji ko tana da kaifi, domin kunnen tsohuwa ba ya son karce. In ja wayar a wuyanta in ga ko za ta saki. In sa, in toshe da tafin hannu saboda hayaniyar kasuwa, in saurari wuri ɗaya tak, sannan in sake juya biro.

Mai teburin ya gaji da ni. Ya karɓi guda ya sa a kunnensa, ya ji abin da nake saurare, ya kwashe da dariya.

"Malam, duk wahalar ga don gangar noma ta? Wanga kaya na kiɗan Turawa na, ba na gangar ƙauye ba. Ɗauki farar nan ka tahi, ta ishe ka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Gangar ƙauyen ita tan noma geron da kash sha da sahe. Miƙo waccan ta ƙarshen."

Ita ce. Gangar noma babbar murya gare ta, a gona a ƙirji ake jin ta kafin kunne. Da na sa wannan wayar, sai na ji fatar ta yi nishi bayan kowane bugu, na ji ta har haƙarƙarina, a tsakiyar kasuwa, masu tura kurar kaya na wucewa suna mini ihu in kauce. Na ba na kusa da ni ya sa, na matso dab da shi, ban ji ko ɗigo yana yoyo ba. Muka yi ciniki kamar za mu daku. Mutumin ya ga idona, ya san ba zan tafi in bar ta ba, sai da ya tatse ni tas, kuɗin mota kaɗai ya bar mini. Ban damu ba. Na naɗe ta na sa a aljihun gaba, na kama hanyar Bodinga ina ta taɓa aljihun.

Bayan la'asar na iso gida. Da zauren babu kowa, da na wuce ciki kai tsaye, da wannan labari bai samu ba. Amma na tarar da Malam zaune da baƙo, kuma ɗa ba ya ƙetare manya a zaure bai durƙusa ba. Baƙon Baffa ne, wan Malam, wanda ke zaune a Dingyaɗi. Mutumin siyasa ne na gasken gaske, kullum da rediyo rataye a kafaɗa cikin rigar fata, ko sallah zai yi sai ya ajiye shi inda ido zai kai. Na cire takalmi na durƙusa, muka yi ta gaisuwa, ya gida, ya ruwa, ya mutanen Shagari. Garin sunkuyawa bakin wayar ya leƙo daga aljihuna. Baffa ya miƙo hannu ya zaro ta kamar mai zaro tsutsa.

"Malamin boko, mi kas samo muna?"

Na ce ta sauraren rediyo ce, ba tare da an dami mutane ba. Ƙarya ban yi ba, gaskiyar ce ban ƙarasa ba. Ya laluba gefen rediyonsa ya sami rami, ya soka, ya cusa ƙwayoyin a kunne. Ana cikin labarai. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Kai, wanga abu da kyau shi ke. Awa mutumin cikin kaina shi ke zaune." Ya cire ya jujjuya ta. "Lalle da kyau. Ban taɓa ganin irinta ba."

Ya yaba, ya sake yabawa, ya kuma yabawa. Malam ya ɗago kai daga littafinsa ya dube ni. Kallon nan na san shi tun ina yaro, ma'anarsa me kake jira. Kowa ya san yadda abin yake. Babba in ya yaba abin hannunka, sai ka ce nasa ne. Shi kuma sai ya sa maka albarka, ya ce riƙe abinka, ɗana, na gode. Kai ka nuna tarbiyya, shi ya nuna girma, kowa ya tashi da mutuncinsa da kayansa. Na ga an yi haka da doki, na ga an yi da riga, ban taɓa ganin dokin ya canja turke ba.

Na ce, "Naka na, Baffa."

"Madalla. Allah shi yi ma albarka," in ji shi. Na jira sauran maganar. Sai ya naɗe wayar a yatsunsa biyu, ya buɗe aljihun 'yar cikinsa, ya tura ta can ƙasa, ya ci gaba da ba Malam labarin wanda zai ci zaɓe.

Ni na yi rabina, a rubuta wannan. Rabin da ya rage nasa ne, ya haɗiye shi. Tuwon girma miyarsa nama, amma Baffa ya ci tuwon ya haɗa da naman yaro. Kuma ta yaya zan buɗe baki? In ce ta Inna ce? Malam zai tambaya me Inna za ta saurara, ga shi zaune, ga almajiransa a bakin ƙofa. In tona asirin matar da ta yi shekaru tana riƙe da alkawari, a gaban mijinta da wansa? Na durƙusa a wurin har aka sallame ni.

Na shiga wurin Inna hannu rabbana. Da na gaya mata sai ta ce, "Ba komi, Auta. Babba na." Wallahi da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Wannan "babba na" ita ta ƙara hura mini wuta, na fita bayan gida na yi ta zagaye kamar wanda kunama ta harba.

Karɓo ta ba zai yiwu ba. Malam ya karantar da mu abin da aka kwatanta mai karɓe kyautarsa da shi, ba zan maimaita ba saboda ƙazantarsa. Abin da ya rage shi ne aro. A ce mutum ya sayar da albasarsa, ya je aron abinsa. Ranar da babu makaranta na hau keke na tafi Dingyaɗi. Na same shi a gindin bedi cikin mutanensa, wayar a kunne, yana jin labari shi kaɗai yana rarraba musu da baki kamar mai rabon zakka. Na gaishe shi, na zauna har taron ya ragu, na ce ko zai ara mini ita na yini ɗaya.

"Yanzu? Ana tsakiyar zaɓe? Haba ɗana. Bari a gama ƙidaya, ka zo ka ɗauka."

Zaɓen kuwa ba na rana ɗaya ba ne, wannan mako a yi na wannan kujera, wani mako a yi na waccan. Ina zuwa Bodinga duk ƙarshen mako ina ganin Inna tana raguwa. Ba ta tambaye ni ba ko sau ɗaya. Sai dai in na shigo, idonta ya fara sauka a aljihuna kafin fuskata.

Da aka gama na koma. Baffa ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo fura, ya shiga ɗaki ya fito da wayar. Ƙwaya ɗaya ce a jikinta. Inda wayar ta rabu biyu an yanke da reza, an ƙulle guntun.

Na ce, "Baffa, ina ɗayar?"

"Ai ragguwa ta. Tun randa nik kawo ta, guda ɗai ka magana, gudar ko tari ba ta yi. Nic ce mi za a yi da kurma? Sai niy yanke ta nib ba aminina, shi ma shi samu ta sawa. Abu biyu hannun mutum guda, maƙwabci ba shi da ko ɗaya, ai ba kyau."

Rediyonsa mai murya ɗaya ne, ramin jikinsa kunne ɗaya yake ciyarwa. A rikodata duka biyun suna magana, ni na gwada su da kunnena. Lafiyarta lau aka yanke ta. Aminin nasa kuwa, na gan shi da idona a bakin kasuwa, ya cusa ƙwayar a kunne, ya tura guntun wayar cikin aljihun da babu komai a ciki, yana tafe yana gyaɗa kai ana gaishe shi. Na ce to, a ba ni mai maganar. Baffa ya ce ai ita ma tun da ruwa ya doke shi a hanyar rumfar zaɓe ta fara shaƙewa, yanzu ta yi shiru. Na soka ta a rikodata a gabansa, na murɗa, na lanƙwasa, na busa. Ko ƙis.

"Kayan zamani ba su da albarka," in ji shi. "Bar ta nan, wayar ta yi ɗaurin wani abu."

Na sha furar, don ba a barin furar babba.

Na tattara 'yan canjin da ke hannuna na koma wurin mai teburin nan. Ya gane ni tun daga nesa, ya ce mai gangar ƙauye ya dawo. Baƙaƙen sun ƙare, ya ce, an hana shigo da kaya, wanda ya rage a kasuwar kuɗinsa sai dai in sayar da keke, keken kuwa da shi nake zuwa aiki. Albashi shiru. Inna kuma ba ta da lokacin jiran albasar baɗi. Ya ɗauko farar nan mai ƙwaya guda, wadda na raina, ya goge ta a rigarsa ya miƙo mini yana murmushi. Na karɓa.

Da hantsi na shiga ɗakinta, lokacin da karatu ya yi ƙarfi a zaure. Wannan karon a cikin hula na ɓoye wayar, rikodar kuma a ƙarƙashin riga. Na sakaya ƙofa, na tayar da ita na jingina ta da bango, na ɗaga gefen ɗankwalinta na sa mata a kunnen dama. Na ce in kai ta wurin taken kai tsaye? Ta ce a'a, a bar shi ya yi aikinsa tun daga farko. Na danna.

Ta runtse ido. Can sai leɓenta ya motsa.

"Shi na," ta ce. "Ya tsufa."

Hawaye ya bi gefen fuskarta mai rai. Tana jin yana kiran manoma, tana faɗin gidajensu a hankali, wannan ɗan wane ne, wancan ubansa ya fi shi noma. Har dariya ta yi sau ɗaya. Ni kuma ina kallon zaren kaset ta 'yar tagar rikodar yana ƙarewa a gefe ɗaya, na san abin da ke zuwa, na kuma san abin da farar wayar nan take yi wa ganga.

Muryoyin suka ɗauke. Na ga ta gyara zama, ta kai hannunta mai lafiya ta danna ƙwayar cikin kunne. Ta ƙara dannawa. Goshinta ya tattare.

"Auta, ƙara."

Na murɗa har ƙarshe.

"Ƙara."

Na ce ya kai iyaka, Inna.

Ta saurara, ta saurara. Sannan ta ce, "Ina jin sanda. Ba ni jin hwata."

Sai ta saki wayar, ta laluba ta kamo hannuna ta kifa shi a kan gwiwarta. Ta fara bugawa a bayan hannuna da yatsunta, tana bin ƙwas-ƙwas ɗin da ke kunnenta. Inda fatar ya kamata ta yi nishi, sai ta danna da tafin hannu gaba ɗaya, da ɗan ƙarfin da ya rage mata. Haka ta buga takenta tun daga farko har ƙarshe, a zaure ana ta karatu, babu wanda ya ji komai. Rikodar ta yi ƙas ta tsaya. Ta cire wayar da kanta ta sa mini a tafin hannu.

"Ya isa. Allah shi yi ma albarka."

Na ce in albashi ya zo zan samo mai kyau, za ta ji fatar. Ta ce to. Ba ta sake tayar da maganar ba, in na tayar kuma sai ta tambaye ni labarin makaranta. Bayan an gama girbi ta rasu, albashin bai zo ba.

Lokacin zaman makoki soja sun riga sun karɓe mulki, zaɓen da aka hana Inna jin ɗan'uwanta saboda shi ya bi ruwa. Baffa ya zo daga Dingyaɗi, babu rediyo a kafaɗa. Ya zauna kusa da Malam a zaure, aka yi addu'a aka shafa. Na matso na durƙusa in karɓi gaisuwarsa, na ɗaga kai, sai idona ya sauka a tabaransa. Ƙafar tabaran ɗaya ta karye, an ɗaure ta da baƙar waya, an zagayo da ita ta bayan kunne. Ya ga ina kallo, ya taɓa wurin.

"Wayar ga taka ƙarfi gare ta," ya ce. "Ka iya zaɓen kaya, ɗana."

Na sunkuyar da kai. Akwai carbi a hannuna, na Inna ne, na itace, ya yi santsi saboda ja. Baffa ya miƙo hannu ya shafa shi.

"Wanga carbi da kyau shi ke. Lalle da kyau."

Zauren cike yake da mutane, duk suna jira. Malam ya ɗago kai ya dube ni, irin kallon nan. Na dube shi, na dubi wayar da ke bayan kunnen Baffa.

Na ce, "Na gode, Baffa." Na naɗe carbin na sa a aljihu.